Wa Ya Taɓa Ganin Fuskar Gizo?

Duk Bahaushen da ya tashi a gidan da ake tatsuniya ya yi wa Gizo sanin da bai yi wa wasu danginsa ba. Ya san haɗamarsa, ya san tsamin bakinsa, ya san yadda yake zubewa gaban sarki yana "yanka ya daɗe" alhali naman saniyar sarkin ne cike da tumbinsa. Amma a ce ya kwatanta kamanninsa, nan take zai yi turus. Mutum ne ko ƙwaro? Ƙafa biyu gare shi ko takwas? Za ka ji shi yana noma, yana faɗa da Ƙoƙi a kan tuwo, yana zuwa gaida surukai, can ƙarshe kuma in asiri ya tonu sai ya haye bango ya maƙale a saƙo. Ba kakar da ta taɓa tsayawa ta warware wannan, ba kuma yaron da ya taɓa neman a warware masa. Dare ne, an rage fitila, kowa da irin Gizon da yake gani a ransa.

Mai zane ba shi da wannan gata. Ranar da ya ɗora alƙalami a takarda dole ya yanke hukunci: ga hancin Gizo, ga tsayinsa, ga rigar da ke wuyansa. Abin da ya yanke kuwa shi yaro zai riƙe har furfura. Shi ya sa zancen zana tatsuniya da sake rubuta ta ya fi ƙarfin a bar wa masu buga littafi da samarin da ke haɗa katun su kaɗai. Yaran da ke tasowa yanzu a Kano da Maraɗi da zangon Kumasi, da yawansu ba daga bakin kaka za su fara jin Ta-kitse ba. A fuskar waya za su fara ganinta.

Ni ina tare da masu zanawa, ina tare da masu sakewa. Inda muke raba hanya da mafi yawan abin da nake gani shi ne, suna wanke Gizo har ya tashi daga Gizo, sannan su sanya masa kayan aro.

Akwai masu cewa a bar tatsuniya yadda aka gada, kada a taɓa. Tambayar da nake musu ita ce, wace daga ciki aka gada? Wadda ake yi a Gobir ko ta Haɗeja? Ta kakarka ko ta amaryar maƙwabta da yara ke cika ɗakinta bayan sallar isha'i? Kowace mai tatsuniya tana ƙari tana ragi. In ta ga yara sun fara gyangyaɗi ta gajarta, in ta ga akwai mai rashin kunya a cikinsu ta ƙara wa 'yar mowa wuta don ya ji a jikinsa. Su kansu rubutattun da muke ɗauka tamkar su ne tushe, sakewa ce. Labaran da ɗan mishan Schön ya buga a 1885, da yawansu daga bakin Dorugu ya ji su, yaron nan da ya bi Bature matafiyi Barth har Ingila. Littattafai uku na tatsuniyoyi da jami'in mulkin mallaka Frank Edgar ya fitar tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta su da ajami, aka juya su zuwa boko, aka buga a Belfast. Wanda wani Baturen, Rattray, ya fitar a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana yau. A lura da abu guda: duk maza ne, suna rubuta wa Bature abin da asalinsa sana'ar mata ce. Malamin da ya zauna da tawada da alƙalami gaban Razdan ba zai rera waƙar marainiya da muryar da tsohuwa ke rera ta ba, wani wurin ma tsallake ta zai yi don kada girmansa ya zube.

Wanda ya fi kowa nuna mana cewa sakewa ba cin amana ba ce shi ne Abubakar Imam. Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, cike yake da labaran da aka ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da littattafan Indiya da tatsuniyoyin Jamus. Matar nan da ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, sannan ta haɗa baƙon tsere da mijinta, tana da 'yar'uwa a can Jamus. Amma wa ya taɓa karantawa ya ji warin baƙunta? Imam ya sauke labaran a zaure, ya naɗa musu rawani, ya ba su alƙali da dogari da sarkin fawa, har suka zama 'yan gida. Abin takaici, yau akasin haka muke yi. Shi ya ɗauko na waje ya mai da su namu, mu kuma muna ɗaukar namu muna mai da su na waje.

Turawan ma ba su bar nasu yadda suka same su ba. 'Yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, sun fara buga tatsuniyoyinsu a 1812, suka yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857. A bugun farko, wadda ta nemi halaka yarinyar da ta fake a gidan wadanni bakwai uwarta ce mahaifiya. Daga baya suka ga abin ya yi nauyi, suka mai da ita matar uba. Sai kamfanin Disney ya zo a 1937 ya ba yarinyar fuska da riga, kuma tun daga ranar kusan duk yaron duniya da ka ambata masa labarin, wannan fuskar da wannan rigar yake gani. Masu zane da yawa sun zana ta kafin nan, wasu sun zana bayan nan, amma wanda ya fi yaɗuwa shi ya ci gida. Mu har yanzu ba a ci gidan ba. Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami ba su da tsayayyar fuskar da kowa ya yarda da ita, kuma duk wanda ya riga da abin da yara suka so, nasa ne zai zauna.

To, ga wankin da nake magana. A ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Ya je ɗibar wuta gidansu aka ba shi ɓaure, ya ji daɗi, ya dinga kashe wutar a hanya yana komawa. Suka ce gobe da asuba za su tafi da shi, ya kasa haƙuri, ya cinna wa ciyawa wuta tsakar dare don su zaci gari ya waye. Suka ara masa fuka-fukai, aka isa bishiyar da ke tsakiyar ruwa, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai ya ce shi ya riga gani. Suka fusata suka ƙwace gashinsu suka bar shi. Ya faɗa ruwa, ya tarar da kada, ya fashe da kuka ya ce ai shi ɗan'uwa ne da ya ɓace tun yana ƙarami. Aka karrama shi, aka sauke shi a ɗakin da ƙwai yake, ya bi dare ya gasa ya cinye. Da aka zo ƙirga sai ya dinga ɗaga guda ɗayan da ya rage yana nunawa yana mayarwa. Kafin a farga an haye da shi gaɓa.

Babu tuba a cikin wannan labari. Gizo bai zauna a gindin bishiya ya yi nadama ba, bai koma ya nemi gafarar hankaki ba. Amma irin sakewar da ake yayi yanzu sai ta ƙara masa shafi guda: ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ya yi alƙawarin ba zai ƙara ba, a ƙasa kuma a rubuta "Darasi" da manyan baƙaƙe, a jera abu uku. An yi miyar kuka ba daddawa. Yaro ba wawa ba ne. Tun yana jin Gizo na cewa "na riga ka gani" ya san wannan ɗan banza ne, dariyar da yake yi ma ta sanin hakan ce. Abin da tatsuniyar ke ba shi ya wuce "haɗama ba kyau". Tana nuna masa yadda mayaudari ke shigowa: da kuka, da da'awar zumunci, da daɗin baki. Tana nuna masa cewa ƙarfi ba ya hana a cuce ka, tunda giwa da dorina ma Gizo ya haɗa su jan igiya, kowacce na zaton dokin da ya yi mata alƙawari take ja. Yaron da zai girma a ƙasar da ake damfara ta waya kullum, ake kuma zuwa da alƙawari duk shekara huɗu, wallahi ya fi buƙatar sanin Gizo na gaske a kan Gizon da ya shiryu. Akwai kuma abin da manya ba sa son faɗa: talaka yana jin daɗin ganin ƙaramin ƙwaro ya yi wa zaki da sarki wayo. A cire wannan, an cire dalilin da ya sa tatsuniyar ta rayu.

Ba kuma cewa nake komai na da daidai ne ba. A tatsuniyar ruwan Bagaja, 'yar bora ta dawo gida a kan doki da dukiya da masu kiɗa, 'yar mowa kuwa da ta fasa nata ƙwan sai kutare da makafi da guragu suka fito suka rako ta. Wato naƙasa ita ce azaba, masu ita kuma su ne abin kunyar da aka jiɓga wa mara tarbiyya. A ajin da za a karanta littafin nan akwai yarinyar da shan inna ya taɓa wa ƙafa, akwai yaron da yake yi wa mahaifinsa jagora. Mai sakewa da ya musanya wannan rakiya da ƙudaje da zuma da jaki mai taurin kai bai yi laifi ba, kuma na tabbata tsohuwa mai hankali da ta hango gurgu cikin masu saurarenta haka za ta yi. Wannan gyara ne na wanda ya san mutanen da yake yi wa magana. Wancan na tubar da Gizo kuwa tsoro ne, tsoron kada a ce littafin ba ya koyar da tarbiyya a ƙi saya.

Kayan aron ya fi bayyana a hoto. Buɗe irin bidiyoyin tatsuniya da suka cika YouTube da TikTok, musamman tun da aka samu manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu ƙera hoto cikin daƙiƙa. Murya Hausa ce, labari namu ne, amma sarki na zaune a kujerar zinare da kambi a kai. Wane sarkin Hausa ne ya taɓa sa kambi? Ina rawani mai kunne biyu, ina amawali, ina alkyabba, ina dogarai da jan riga da kore? Gimbiya kuma ta fito da gashi har baya da siririn hanci irin na 'yan fim ɗin Indiya. Ƙauye kuwa kullum bukkoki ne a fili fetal, ba danga, ba zaure, ba rumbu, sai wata bishiya mai faffaɗan kai irin ta hotunan yawon buɗe ido na gabashin Afirka. Na'urar ba ta da laifi, abin da aka cika ta da shi take amayarwa, kuma ba a cika ta da kasuwar Kurmi ko Birnin Damagaram ba. Laifin na wanda ya karɓa ne bai duba ba.

Wani zai ce ado ne kawai, labarin ai bai sauya ba. Ya sauya mana. Rikicin bora da mowa rikicin tsakar gida ɗaya ne: mata biyu, miji ɗaya, ɗaki na kallon ɗaki, murhu ɗaya, ranar girki. Uwar yarinyar tana raye, tana gani ana wulaƙanta 'yarta, ba ta da bakin magana. Wannan daban yake da matar uban Turawa da ke shigowa bayan an binne uwa. Mai zanen da bai zana tsakar gidan nan ba, da turmi a gefe da igiyar shanya da ƙofofin nan biyu, ya zubar da rabin labarin tun kafin a karanta layin farko. Haka Ta-kitse. Duk tashin hankalin labarin yana ga zafi, yarinyar da aka yi da kitse, kishiyoyi suka matsa sai ta yi aiki a bakin wuta. In ba a ji ranar ƙasar Hausa a hoton ba, in ba a ga bambancin inuwar soro da ƙunar tsakar gida ba, yaro ba zai ji tsoron narkewarta ba.

Kuma ba kayan gani muka rasa ba. Ga zanen bangon fadar Zazzau, ga bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, ga Gidan Makama a Kano, ga gidajen tsohon birnin Damagaram da zankayensu. Ga shunin marinar Ƙofar Mata, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga zanen ƙwarya da na faifai da zayyanar allo. Kuka da gawo da giginya kowace da surarta. Mai zanen da ya yi mako guda yana yawo da takarda a kasuwar ƙauye zai tara abin da zai ishe shi littafi goma. Waɗanda suka gabata sun gwada. A Zariyar nan, ɗaliban zane suka kafa ƙungiya a 1958 don ƙin kwaikwayon Turai ido rufe, ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya koma ga zanen gargajiyar matan Ibo ya fitar da halittun tatsuniyoyinsu da shi. A Nijar kuma Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015, tun shekarun 1960 yake yin katun da hannunsa, ya sa kwaɗi suna sarauta suna karɓar faretin soja, daga baya ya koma ga 'yan tsana. Ba shi da kwamfuta a lokacin, ba shi da kuɗin kirki. Ido gare shi.

Wurin da gwanintar mai zane za ta fi fitowa, a ganina, shi ne sanin abin da ba a zanawa. Dodo ne babban misali. Wani lokaci a ruwa yake, wani lokaci a kurmi, wani lokaci ya rikiɗe ya zo neman aure da kyakkyawar fuska. Abin da ya sa yake da ban tsoro shi ne ba wanda ya san iyakarsa. Da zarar an zana shi da ƙaho biyu da jan ido da haƙora a waje, ya zama abin wasa, yaro ya kalle shi sau biyu ya saba. A nuna sawunsa a bakin rafi, a nuna inuwarsa ta rufe rabin shafi, a nuna idon matar da ta roƙi a ɗora mata tulu ta waiwaya ta ga wanda ya ɗora. Sauran a bar wa yaron. Haka cinya da karen da 'yar bora ta tarar a bukka, cinya na gurnani kare na fassarawa. Ban san abin da ya kai wannan ban mamaki a tatsuniyoyin kowace ƙasa ba, kuma mai gaggawa zai mai da ita tsohuwa kawai don ya huta. Wanda ya isa shi zai zauna ya nemo yadda cinya za ta karɓi baƙuwa, ta ba da dariya ta kuma sa tsigar jiki tashi. Gizon kansa ba dole ba ne a tsayar da shi wuri guda. Yana iya zama mutum ramamme mai dogayen gaɓoɓi a wannan shafi, inuwarsa a bango kuma ta nuna ƙafa takwas.

Akwai iyayen da ke ƙyamar hoton abu mai rai saboda addini, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu su. Fatawa ta malamai ce, amma sananne ne cewa a mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kai, haramcin yana kan sura mai jiki da inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda bai kai can ba, an kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata. Wasu malaman sun fi tsanantawa, masu bin su kuma suna da haƙƙi. Sai dai gidan da ya hana littafin Gizo, sau da yawa za ka tarar yaran na kallon katun ɗin ƙasashen waje a wayar uwarsu daga safe har dare. In an hana, a hana duka. In kuwa za a bari, na gida ya fi cancanta.

Abin da takarda ba za ta iya ɗauka ba shi ne waƙa, ita ce kuwa zuciyar tatsuniya. Baitin da yarinya ke rerawa a bakin kowane kogi tana tambaya ko shi ne ruwan Bagaja, in an rubuta shi layi huɗu ne marasa rai. A nan wayar da muke zargi ta fi littafi. Ana iya haɗa hoto da murya, kuma muryar bai kamata ta zama ta saurayin da ke karantowa da sauri don bidiyo ya cika minti goma ba. Tsofaffin da suka san karin waƙoƙin nan suna nan a unguwanni da ƙauyuka. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara nasa ya buga wa 'yan makaranta, Bukar Usman ma ya tara da yawa, amma kari ba ya shiga tawada. A je a ɗauki muryarsu da izininsu, a rubuta sunan wadda ta bayar a bangon littafi kusa da na marubuci, a kuma biya ta. Shekara fiye da ɗari ana kwasar labari a bakin mata ana buga shi da sunan maza.

Biyan nan shi ne inda komai ke tsayawa. Zane mai kyau yana cin watanni, buga littafi mai launi yana da tsada, mai bugawa kuma ya san ranar da littafi ya karɓu za a wayi gari an kwafe shi ana sayarwa rabin kuɗi. Don haka sai ya kira wanda zai haɗa masa hotuna ashirin a yini ɗaya, ya sallame shi da kuɗin kati. Matasan da suka karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin ilimi suna nan suna zanen allon shaguna da fastocin 'yan siyasa, ba don ba su iya wanin wannan ba. Masu sayen littafi da yawa a lokaci guda a ƙasar nan su ne hukumomin ilimin firamare na jihohi da ƙungiyoyin da ke tallafa wa karatun yara da harshen uwa, saboda haka abin da suka nema shi kasuwa za ta kawo. Su ware wa mai zane kasonsa a rubuce cikin kwangila. Kafin su sa hannu kuma, wani a cikinsu ya buɗe littafin shafi-shafi, in ya tarar da sarki da kambin zinare ko Gizo yana hawayen tuba, ya mayar wa mai shi ya je ya sake.